Inji a Keken Baba

Ƙarar ta sake tashi daga tsallaken titi, ta yi tari sau biyu, ta mutu. Mai Faci ya ja tsaki. Ya danna tiyub cikin bahon ruwa da hagu, ya tokare shi da abin da injin niƙa ya rage masa na hannun dama tun yana saurayi.

"Allah ya ƙara," ya ce, yadda na tsallake zai ji.

Na tsallaken ba wani ba ne, Auta ne, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mahaifinsu ya rasu aka raba kayan shago, ko gaisuwa ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Mai Faci ya samu rumfa da famfon iska da sifanu. Auta kuwa ya tashi da baƙin keken Baba, keken da Mai Faci ya yi shekaru yana goge wa sifok ɗin taya ɗaya bayan ɗaya. Wannan rabon ya tsaya masa a maƙoshi, ya ƙi wucewa.

To ga shi yanzu, don cin fuska, Auta ya kafe keken a ƙofar shagonsa yana yi masa aika-aika. Ya ɗaure wani ɗan mitsitsin inji a tsakiyar firam, ya ɗora tanki kamar gorar ruwa, ya liƙa salansa a ƙasan feda. Kullum daga safe zuwa yamma yana tsugune da sukuddireba, ya murɗa kafireta kaɗan, ya saurara, ya mayar. Ya cire filogi ya duba launinsa, ya sake gauraya fetur da baƙin mai. Hayaƙin kuma, kamar an aiko shi, rumfar Mai Faci yake nufa.

Mai Faci bai bar ko ƙusa ɗaya ta wuce idonsa ba, kuma duk wanda ya kawo faci sai ya sha labari.

"Dubi wannan shirmen, don Allah. Mutum zanƙalele kamar falwaya, ya sauke sirdi har ƙasa. Ko gefen hannun da ake ɗaura totur na ba inji wuta bai sani ba. Ga wani ƙaton farantin sarƙa da ya maƙala a tayar baya, wallahi akuya ma sai ta wuce shi a guje."

Masu kawo faci su yi dariya su tafi, wasu kuma su tsallaka su kalli injin, abin da ya fi komai ƙona masa rai. Da ya lura Auta ya daina zuwa a kan babur ɗinsa, a ƙafa yake zuwa, sai da ya yi sallar godiya a zuci. Karayar arziki ta fara, in ji shi.

Da yamma shi ma a ƙafa yake hawan tudun unguwarsu, yana tsayawa kowace kwana don gwiwa ta huta. Matarsa ta taɓa cewa, "Ɗan'uwanka ya tambayi jikinka." Ya ce ta gaya masa bai mutu ba tukuna, kar ya yi saurin zuwa rabon rumfa.

Wata safiya injin ya tashi bai yi tari ba. Ya yi ta bugawa a hankali, sumul, har mai shagon kusa ya tafa. Auta ya hau, gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, ya nufi tudun nan ya haye shi ba tare da ya taka feda ba. Ya dawo yana washe baki, ya goge keken tas, ya lulluɓe shi da buhu. Ya ma ɗago ya dubi rumfar yayansa. Mai Faci ya tofar da yawu.

Baƙin ciki ya cika shi har wuya. Keken da Baba ya goya su a kai, yau ya zama abin burga a hannun yaron da bai taɓa ɗaure masa ko birki ba.

Rana ta take, Auta ya tafi cin abinci, titi ya yi tsit. Mai Faci ya share garin ƙarfen da ya taru a gindin dutsen wasa wuƙa, ya haɗa da yashi a cikin takarda. Ya tsallaka, ya ɗaga buhun. Sana'a ce a hannunsa, bai ɓata lokaci ba. Ya kwance filogi, ya ɗura garin a ramin har ya ƙare, ya zuba ragowar yashin a tanki, ya mayar da komai yadda ya same shi. Tashi ɗaya injin zai yi, ya cinye cikinsa, ba kuma makanikin da zai iya ceto shi.

Ya koma rumfarsa ya zauna, zuciyarsa fes, yana jiran kallo.

Auta ya dawo, ya yaye buhun, amma bai hau ba. Turo keken ya yi, ya tsallako titi da shi, abin da bai yi ba tun ranar rabo. Maƙwabta suka biyo shi suna murmushi, har da matar Mai Faci a bayansu. Auta ya kafe keken a bakin rumfa, ya share gumi.

"Yaya, a yafe juna haka nan. Babur ɗina na sayar na sayi injin, ba ya gudu amma yana hawan tudunku. Hau ka tayar da kayanka, totur ɗin ma a hagu na sa maka."