Mukayyif na Aro

Masu duba gidajen tallafi na juya baya, mai gidanmu ya hawo cire mukayyif, na'urar sanyin da ya saka mana ana jibi za su zo. Bawan Allah mai tausayi. Shekara da shekaru matata na lulluɓa da jiƙaƙƙen zani a unguwar Nuzla ta Jidda, sai yanzu ya tuna haƙƙinmu ne.

Ya ce, "Ya Hajji, halas, an gama, sun tafi. Gobe ɗayan gidana za a duba."

"Bismillah, ɗauka," na ce, har da miƙa masa kujerar takawa.

Ya ja, ya ƙara ja, gumi ya wanke shi. Ni da na gina rabin Jidda da hannun nan? Ranar da ya saka shi na zagaye shi da siminti.

Matata ta leƙo, ta dube shi yana gumi ta ce masa, "Alhaji, a ƙara maka sanyin?"