Ruwan Rakiyar Suruki

"Ƙasar nan ta mutu, Inna. Ko gawata kada a dawo da ita," in ji Mirsad, yana danna akwatin ƙarshe a bayan mota.

Surukarsa Hajrija ta shige cikin gida. Tun da ya auri 'yarta Senada yake zaune a gidanta a garin Zenica, yana cin girkinta yana kushe gishirin. Yau shi da Senada za su ƙaura Jamus.

Ta fito da moɗa cike da ruwa. A al'adar garin, in naka zai yi tafiya, ruwa ake zubawa a bayansa don ya dawo da wuri.

Mirsad ya shiga mota, ya hango ta a madubi, ya yi dariya. "Kin gani ko, Senada? Tsohuwa tun yanzu ta fara kewata."

Mota ta fara gangarawa. Hajrija ta sunkuya, ta tsiyaya ruwan daidai sawun tayar da ke ɓangaren 'yarta, tana tarewa da ƙafa kada ya malala ɗaya gefen.

Ta miƙe, suka haɗa ido da Mirsad ta madubin. Ta kafa kai ta shanye sauran, ta goge baki.

"Kai ka roƙa, ɗan nan. Ni amin kawai na ce."