Ɗan Akuyar da Ya Yi Wankan Jego

Tunda na haihu ba ni da aiki sai taɓa ƙafafun jaririyata, ko sun yi sanyi. Jiya da aka tafasa min ganyen darbejiya na wankan jego, warinsa ya mayar da ni gidanmu na Mandawari, wata la'asar cikin tsananin sanyi.

Lokacin Umma tana jegon ƙanina. Akuyarmu ma ta haihu, ɗan kuma nawa ne, don kakata Iya ta yi min alkawarinsa. Na tarar da shi kwance, ko motsi ba ya yi. Na ɗauko shi ina kuka, ina cewa a ɗura masa nono.

Iya ta sa yatsa a bakinsa. "Bakin ya yi sanyi. Kika ɗura masa yanzu, kin kashe shi. Sai ya ji ɗumi tukuna."

Ruwan zafi ɗaya ne a gidan, na wankan Umma. Iya ta ɗiba a baho, ta sirka, ta tsoma shi har wuya.

Umma ta leƙo. "Iya, ruwan nawa?"

"Ke kullum kina yi, 'yar nan. Yau baƙo zai fara."

Can sai ya girgiza kunne, ya saki wani siririn kuka. Iya ta goge shi da tsohon zaninta, ta sake miƙa yatsa, ya kama yana tsotsa.

"To, sarkin kuka," ta ce min, "share hancinki ki kai wa uwarsa, kafin ya cinye min yatsa."