Yaron Jikin Gwangwani

Lukuman ya ture hoto na ƙarshe gefe, ya murza idanunsa. Duk tarin hotunan jariran da aka kawo maɗaba'ar, babu na kirki. Wannan ya kawar da kai, wancan ya wulla hannu fuskarsa ta dushe, wani baki buɗe yana tsala kuka. Jariri ba ya tsaya wa mai hoto.

Aikin na Alhaji Datti ne. Da can kwangilar kuza yake yi. Da kasuwar kuza ta karye, sai ya koma haɗa garin abincin jarirai a wani shago bayan kasuwar Katako a Jos, ya raɗa masa suna Garin Ƙoshi. Ya sa aka yi shela a rediyo: duk uwar da aka zaɓi hoton ɗanta, za a manna shi jikin gwangwani, a ba ta katan guda kyauta. Mata suka yi ta tururuwa. Da, uwa ɓoye ɗanta take yi don tsoron baki. Yanzu da hannunta take kai shi talla.

Sauran zanen takardar da za a manna jikin gwangwanin an gama. Har da waɗansu layuka baƙaƙe, siraru da masu kauri, jere kamar haƙoran matsefi. Alhaji ne ya gan su a wani gwangwani da ya zo daga Amurka, ya ce lallai a kwafo masa. Lukuman ya ja su da rula, ɗaya bayan ɗaya. An ce a can wani inji ne ke karanta su. A Jos babu injin. Amfaninsu ɗaya ne: mai saye ta ɗauka kayan waje ne.

Saura hoto. Alhaji ya ce in Juma'a ta yi babu, zai kwashi aikinsa ya kai Kaduna.

Ran Laraba da hantsi wata mata ta shigo, Dina, daga Bukuru. Ba kwalliya, ba ɗan kunne. Ta kwance bakin zaninta ta ɗora hoto a tebur.

Lukuman ya jawo fitila. Hoton tas yake. Yaro ne cikin farar rigar zuwa coci, kwance kan farin mayafi, an taje masa kai. Har gashin girarsa ana iya ƙirgawa.

"Mama, ai barci yake."

"To ka buɗe masa ido. An ce kun iya."

Da Alhaji ya zo ya gani, ya buga tebur. "Wannan ne! Amma ya rame. A cika masa kumatu, a sa masa murmushi. Wa zai sayi gari da hoton yaro mai ƙashin wuya?"

Aka wanko hoton da girma. Lukuman ya ɗauki siririn buroshi da fenti ya duƙufa. Dina ta zauna a benci ta ƙi tafiya. Ya zana ido, ta ce ba haka ba. Ya goge ya sake, ta ce na hagu ya fi wannan ƙanƙanta. Ya sake, ta ce ya yi baƙi da yawa.

"Haba Mama! Ki kawo shi mana in gani, kowa ya huta."

"Hanyar da nisa," in ji ta.

Daga Bukuru, nan kusa da Jos? Ya yi tsaki a ransa. Ya saba ganin iyayi, amma bai taɓa ganin irin na matar nan ba.

Washegari motar farko ce ta sauke ta. Ta tarar ya cika kumatun, sun yi ɓul-ɓul. Ya shirya jin ƙorafi, sai ta ce, "Haka suke da farko." Suka koma kan idon. Wajen la'asar ya tsoma bakin buroshi a farin fenti, ya ɗiga ɗan haske a ƙwayar kowane ido. Yaron ya kalle su.

Dina ta miƙe. Ta dafa gefen tebur da hannu biyu, ta daɗe a tsaye. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Lukuman ya ɗauki shirunta a matsayin yarda, ya miƙa wa masu inji.

Ran Juma'a inji ya kama ruri. Fuskar yaron ta riƙa faɗowa, dubu bisa dubu, tana murmushi a saman layukan ƙarya. Aka kwashe zuwa shagon Alhaji, ma'aikata suka yi ta shafa gam suna mannawa. Kullum Dina tana tsaye a tsallaken hanya. Aka loda motar Bauchi, tana gani. Aka loda ta Lafiya da ta Makurɗi. Sai da ta ƙarshe ta sha kwana sannan ta tsallako.

Alhaji ya tarye ta da fara'a, Lukuman na gefensa ya zo ganin aikin hannunsa.

"Ga uwar mai sa'a! Ga katan ɗinki nan. Gobe za mu yi biki a kasuwa, har da makaɗa. Ki yi masa wanka ki zo da shi, mata su ga abin da Ƙoshi ke yi."

Ba ta ko kalli katan ɗin ba. Ta zari takarda guda daga cikin ragowar, ta riƙe a ƙirji don kada ta lanƙwashe.

"Ya riga ya sha, Alhaji. Tun ranar da matar da kuka sa wa farar rigar nas ta ce nonona bai kai garinku ba, shi kaɗai na riƙa dama masa. Yanzu kai ma sai ka riƙa kallonsa."

Alhaji ya yi 'yar dariya, ya leƙa bayanta. "To ina yake?"

"Yana bayan cocinmu," ta ce. "Hoton nan, kafin a rufe akwatin aka ɗauke shi."