Gaisuwar Baba Ɗanjuma

Tun da aka fara rabon iska da awo, kowa na goye da tukunyar iska daidai ƙarfin huhunsa. Ta Talatuwa ba ta kai ta la'asar, shi ya sa ta je asibiti a ƙara mata.

A bakin ƙofa ta haɗu da Baba Ɗanjuma, ƙanen mahaifinta. Dole ta durƙusa.

"Ya maigidan? Ya yara? Ya gajiyar suna? Ya mutanen Rano?"

Tana amsawa, iskarta na ƙarewa. Wa ya isa ya katse babba?

Da ta shiga, likita ya ce, "Hura nan da ƙarfi."

Ta hura tana haki, ma'aunin ko motsi bai yi ba.

"Hajiya, ai wannan tukunyar ma ta yi miki yawa. Za a rage."