Ishaq na Ɗakin Wuta

Saura kwana biyu suna, Inna ta sa aka sauko mata da akwatinta daga kan kabad. Ta ce muddin Husam ya raɗa wa jaririnsa Ishaq, mota za ta hau ta koma garinsu Umdurman da ke daf da Khartum, ko da yaƙi ko babu.

Husam jikanta ne, kuma taurin kan ita ya gado. Ya ce sunan tushen gidansu ba zai mutu a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira ba, khalas, magana ta ƙare. Ƙanwarsa Wijdan ce a tsakiya, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tsoro take ji sosai, don ta san tsohuwa mai shekara casa'in da huɗu ba za ta kai ko Aswan da ke kan hanya da rai ba.

Ishaq mahaifin Inna ne, ɗaya daga cikin Hausawan Umdurman. A 1931 ya bar matarsa da goyo, ya sami aikin zuba kwal a wani jirgin ruwa na fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Iskandariyya da New York. Daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Mutane suka ce Baturiya ya aura. Uwar Inna ta mutu da wannan takaici, ta bar wa 'yarta shi gado.

"Mutumin da ko ladan ya yi kira a kansa ba ya waiwayowa," in ji Inna, "kukan jaririya ne zai dawo da shi?"

Wijdan tarihi ta karanta a Khartum kafin gudu ya kawo su Alƙahira. Ta san Turawa ba su da aiki sai rubutu: kowane jirgi da jerin ma'aikatansa, daga kyaftin har mai wankin tukwane, ga na fasinjoji daban, kuma an ɗora da yawa a intanet. Ta ce in ta samo inda ya ƙare, ko kabarinsa ne a Amurka, wataƙila tsakanin Inna da Husam ɗaya ya sauko.

Tun safe take bin jerin a waya. Ta nemi Ishaq, ta nemi Isaac, ta nemi Issaka. Ta ga masu kuɗi a bene na sama da karnukansu, kowane kare da sunansa. Ta ga talakawan Sham cunkushe a ƙasan jirgi. Can ƙarƙashinsu kuma ɗakin wuta, inda mutane ke cusa kwal awa huɗu a jere fata na sulluɓewa. Ta ajiye wayar, ta leƙa taga, masu keken tuk-tuk na ta zagin juna, ta dawo ta ɗauka. Shayinta ya huce sau uku.

Da la'asar ta sare. Inna na zaune tana ninke mayafai cikin akwati.

"Ma'alish, Inna, yi haƙuri, ban same shi ba. A jirgin nan baƙin mutum ɗaya ne ya hau a Iskandariyya a shekarar, shi ma sunan Turawa gare shi."

"Ai na faɗa miki. Shi kuma wancan me ya same shi?"

"Bututun tururi ne ya fashe masa a hanyar dawowa, saura kwana biyu su iso Masar. A teku aka jefa gawarsa. Sun ma rubuta kayansa: riga biyu, carbi, da takalmin yarinya sabo."

"Allah sarki. Wata tana can tana jira. Wa sunansa?"

"Benji Barr."

Mayafin ya zame daga hannun Inna. Ta ce a maimaita. Wijdan ta maimaita a hankali. Inna ta jawo wayar da ba ta iya karantawa ba, ta manna ta a ƙirjinta, ta fashe da kukan da Wijdan ba ta taɓa jin irinsa a bakinta ba.

"Magatakardan jirgin ne ya tambaye shi sunansa, 'yar nan," ta ce. "Ubana kurma ne tun yana yaro. Ce masa ya yi, ban ji ba."