Karkatattun Huluna

"Maman 'yan biyu, ɗinkinki na da kyau, amma kullum sai zare ya karkace," in ji Alhaji Jalilu, mai shagon huluna a New Town.

Nasira ta nuna yaran da ke jan zaninta. "Alhaji, allura a hannu, waɗannan a wuya, ina zare zai miƙe?"

"Riƙa kawo yaran shagona har Sallah. Duk hular da ta fito sumul ni zan saye, karkatattun ki riƙe abinki."

"Na yarda. Allah ya ba ka haƙuri."

Ɗakinta a Maamobi ya yi tsit. Hannu ya zauna, huluna suka fito ko kuskure ɗaya babu. Alhaji ya jera su yana shafa gemu, 'yan biyu kuwa sun fasa madubin shagon, kullum su cinye masa kokonsa da ƙosai.

Jajiberin Sallah samari suka cika shagon. Na farko ya jujjuya hula, ya taɓe baki.

"Alhaji, haba! Wannan ai na inji ne. Kayan Caina za ka sayar mana da sunan aikin hannu?"

Alhaji ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurara. Da suka ji inda mai ɗinkin take, suka hau motar trotro sai ƙofar Nasira, suka kwashe karkatattun nan da Alhaji ya ƙi kaf, suna cewa ga na asali.

Nasira ta ci kasuwa, ta kuma sha barcin rana. 'Yan biyu sun yi kumatu. Alhaji kuwa ya yi Sallah da huluna cike da kwali, kai kuma ɗaya tak.